Abu Na Hamsin Da Ɗaya

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tsaron shagon gwanjo na cocinmu, Talata da Alhamis, kuma ba abin da ban gani ba a kwalayen da mutane ke kawowa. Haƙoran roba na mamaci, takalmi wari ɗaya, har tokar gawar kare da aka ƙona a gwangwanin biskit. Dariya nake yi in wuce. Amma ranar da Fraser ya ajiye mini kwalinsa a farkon Afrilu, na ɗaga abin da ke sama, sai da na nemi kujera na zauna.

Fraser mijin Narelle ne. Su ne masu ɗan gidan katakon nan mai tayoyi a ƙarshen gonar tuffar uwarsa, gidan da in ka miƙe hannuwa sai ka taɓa bango da bango. Duk kwarinmu na Huon ba wanda bai san ƙa'idarsu ba, don Fraser bai bar kunnen kowa ya huta ba: mutum ɗaya, abu hamsin. Cokali abu ne, tawul abu ne, zoben aure ma abu ne, shi ne ma na ɗaya a jeri. An rubuta su da alli a bayan ƙofa, nasa a dama, nata a hagu. In sabo zai shigo, dole tsoho ya fita. Mota sun sayar. Waya ɗaya, katin banki ɗaya, kuma duk a aljihunsa suke zama. A waccan shekarar ya ƙara da abin da ya kira shekarar rashin saye, wai ban da abinci ba za a kashe ko sisi ba sai an tara kuɗin fili.

Mu kuma muna ta yaba masa. Ni da bakina na sha cewa, "Yaron nan akwai tsari." Shekara uku yana kawo mini kaya ina godiya. Keken ɗinkinta, littattafanta, tukwanen kakarta, madubinta. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina me ya sa kayan macen ne kawai ke fitowa daga gidan ba.

Abin da ke saman kwalin ɗan ciko ne, ɗinkin hannu, bai wuce tafin hannuna ba, an cusa masa auduga. Na san shi sarai, don ni na ba Narelle ƙyallen, fari mai 'yan furanni shuɗaye. Haka Allah ya halicce ta, nononta na hagu bai kai na dama ba, sai take sa cikon a rigar nono don riga ta zauna mata daidai. Ba wani abin kunya ba ne. Rabin matan da ke shiga bayan labulen gwada kaya a shagon nan haka suke, ita ma da dariya ta gaya mini.

"Wannan fa?" na ce. "Kuskure ka yi, Fraser."

"Ba kuskure, Glenys." Ya washe baki. "Ba ta buƙatarsa kuma. Ƙaramin ya kamo babban, har yana neman wuce shi. Kin ga amfanin cin abinci mai kyau ko? Ba sukari, ba na gwangwani. Jiki da kansa yake gyara kansa in an ƙyale shi. Yanzu arba'in da tara gare ta, ta ma riga ni."

"Ciki gare ta?"

"Haba dai! A wannan gidan? Ina za mu sa shi?"

"Shekarunta nawa?"

"Talatin da takwas. Lafiya kike mini wannan kallon?"

Ƙanwata Merle ce ta faɗo mini a rai, da ranar da ta kira ni banɗaki ta ce in zo in duba mata wani abu. Wata goma sha huɗu ta ƙara a duniya. Nono ba ya tashi girma shi kaɗai, gefe ɗaya, a jikin mace mai shekara talatin da takwas don kawai ta daina shan sukari. Na cusa cikon a aljihun rigar sanyina. Shi kuma ya hau kekensa yana fito.

Ran Alhamis sai ga Narelle da kanta. Ta gaishe ni a gurguje, ta zari wata riga da ko dubawa ba ta yi ba, ta shige bayan labule. Na san ba rigar ce ta kawo ta ba. Madubi ta zo nema, nata kuwa ni na sayar da shi tun tuni a kan dala shida. Minti biyar, minti goma, ba motsi.

"'Yar nan, barci kika yi a ciki?"

"Glenys," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Rufe ƙofar shagon ki zo."

Na rufe, na shiga. Wayyo Allah. Na hagun ya kumbura ya yi jajir har kusan wuya, fatar ta yi kauri ta yi ramuka-ramuka kamar ɓawon lemo, kan nonon ya nutse ciki. Na ɗora bayan hannuna, zafi rau. Ita kuma ba madubin take kallo ba, fuskata take kallo, tana jiran ta ga abin da za ta karanta a kai. Na yi iya ƙoƙarina in gyara fuskar, na kasa.

"Tun yaushe?"

"Tun Maris. Farko ƙaiƙayi ne kawai."

"Kin ga likita?"

"Fraser ya duba a waya. Ya ce yawancin mata ba daidai suke ba, ya nuna mini ma na karanta. Ya ce wataƙila gizo-gizo ne ya cije ni a gona."

"Tambayarki na yi ko kin ga likita."

Ta fara mayar da riga. "Likitan gari sai an ƙara dala arba'in a kan abin da gwamnati ke biya. Kuma zai tura ni birnin Hobart ɗaukar hoto, ga kuɗin mota. Kin san shekarar rashin saye muke ciki. Wata uku ba mu karya ba, har ya rubuta a shafinsa na intanet, mutane suna bin mu. Ya ce mu ga bayan girbi, in bai sauka ba."

"Shi ne zai sauka ko ke? Ɗauki jakarki. Motata na waje, arba'in ɗin ni zan biya."

"A'a, a'a, don Allah. Ƙarfe biyu zan koma rumfar tuffa, in na makara Coral, uwarsa, za ta gaya masa." Ta riƙe mini hannu gam. "Kuma Glenys, muddin ban je ba, ba wanda ya ce mini komai tukuna. Kin gane? Mako ɗaya kawai ki ba ni."

Na gane, kuma abin da ya kashe mini jiki ke nan. Merle ma haka ta ce. Na zaɓo mata rigar nono mai girma daga kwandon, don tata tana yankar ta. Ta tsaya tana lissafi da leɓe, sannan ta ce, "Kyauta ba saye ba ne. Kuma akwai gurbi ɗaya." Ta karɓa, ta koma hamsin cif. Na buɗe mata ƙofa da hannuna na bar ta ta tafi. Har gobe ban yafe wa kaina wannan buɗe ƙofar ba.

Mako ya cika ba ta dawo ba. Na tuƙa zuwa gonar Coral, uwar Fraser. Ni da Coral aji ɗaya muka yi a firamare, tun lokacin kuma ba mu jitu ba. Na same ta a bakin rumfa tana duba kwalaye. Can ciki Narelle na zaɓen tuffa a kan tebur, da hannun dama kaɗai take aiki, na hagun ta manne shi a jiki.

"Coral, kin ga abin da ke jikin surukarki?"

"Na gani mana. Toshewa ce. Na sa mata ganyen kabeji mai sanyi, safe da yamma. Ni da na shayar da huɗu za ki koya wa ciwon nono?"

"Wa take shayarwa? Ke dai kin ga jariri a gidan?"

"To ai ba sai da jariri ba. Nawa ma ba daidai suke ba, ga ni nan garau, saba'in saura kaɗan." Ta rage murya. "Saura mako uku mu gama, Glenys. Ruwa na tafe, kuma ba ni da mai idon zaɓe kamar yarinyar nan. In ta fara zaryar Hobart yanzu, wa zai tsaya mini? A gama tukuna, ni da kaina zan kai ta."

Fraser ya fito daga bayan tarakta yana goge hannu. Bai ɗaga murya ba. Bai taɓa ɗaga murya ba, shi ya sa ma ba wanda ke ganin laifinsa.

"Glenys, na san don kulawa kike yi, mun gode. Amma ba hana ta na yi ba. Tare muka zauna muka yanke shawara. Ko ba haka ba, Narelle?"

Ba ta ɗago kai ba. "Haka ne."

"Kin ji. Tsoro shi ne jarin mutanen nan. Su tsorata ka, ka je, su rubuta maka gwaji bakwai. Da tsoro ake sayar wa mutane abin da ba su buƙata. Mu mun fita daga wannan."

"Kai ka fita," na ce. "Ita a ciki take, dumu-dumu. Dube ta mana! Matarka ce ko kwalin gwanjo?"

"Ke Glenys, kama bakinki," in ji Coral. "Ba a shiga tsakanin mata da miji. Don naki ya tafi ya bar ki ba shi ne za ki zo ki tarwatsa na wasu ba."

Da zan fita na bi ta kusa da Narelle. Warin kabejin da ya dahu a jiki ya buge ni, da wani wari a ƙarƙashinsa da na sani, wanda na yi shekara ashirin ina ƙoƙarin mantawa. A mota sai da na yi minti biyar kafin na iya sa makulli a raminsa.

Girbi ya ƙare, Coral ba ta kai ta ba. Wai motar na gareji, wai ana jiran mai sayen tuffa, wai ai ja ɗin ya ragu. Mayu ya wuce. Na buga waya sau shida, duk shi ke ɗauka. "Tana hutawa." "Ta je ɗebo itace." "Da sauƙi sosai, zan gaya mata kin kira." Na je sau biyu, yana tsaye a bakin ƙofa da murmushinsa, ita kuma ta leƙo ta taga ta ɗaga mini hannu. Abinci ya daina mini daɗi. Duk matar da ta shiga bayan labule a shago sai gabana ya faɗi.

Asabar ta biyu a watan Yuni na ga takarda manne a ƙofar ɗakin taro na gari: Fraser zai yi jawabi ƙarfe goma na safe kan yadda ake rayuwa da kaɗan a zauna lafiya. Ƙarfe goma da minti biyar ina ƙofar gidansa.

Murhun itace ya mutu, gidan sanyi ƙalau, ga shi a nan Yuni lokacin hunturu ne. Tana zaune a bakin gado da bargo, rigar sanyinta rataye a kafaɗa ɗaya. Hannun hagun ya kumbura har yatsu, ya ƙi shiga hannun rigar. Rigar nonon da na ba ta tana ƙasa, ta yanke ta da wuƙa don ta kasa cire ta. Ta rame har haƙarƙarinta ya fito, in ban da wancan gefen.

"Na san za ki zo," ta ce. Sai ta fashe da kuka. "Akwai wasu a hammata yanzu, guda uku, kamar duwatsu. Ina jin sa yana tafiya, Glenys. In na kwanta ina jin sa. Tsoro nake ji. Na ce masa tsoro nake ji, ya ce in yi numfashi a hankali."

"Tashi."

"Zai ce na karya shekarar. Wata shida fa..."

"Narelle, na rantse in ba ki tashi ba zan ɗauke ki a kafaɗa, ni da ciwon ƙuguna, mu faɗi tare a laka. Na binne mace ɗaya a kan wannan abin. Ba zan binne ta biyu don alli a bayan ƙofa ba. Tashi!"

Ta tashi. Na lulluɓa mata rigata. A bakin ƙofa ta tsaya ta juya, wai bari ta rubuta masa takarda kada ya damu. Na ja ta.

Awa ɗaya ce zuwa Hobart. A asibitin gwamnati wata likita, yarinya ce ma a kaina, ta ɗaga bargon ta duba, ta mayar a hankali. Ta fita ta dawo da wata babba. Babbar ta taɓa hammatar, ta tambaya, "Yaushe kika fara gani?"

"Maris."

Ta ɗaga ido ta dubi kalandar da ke bango, ta rubuta wani abu kawai. Da ta zage mu da ya fi mini sauƙi. Kafin sati ya zagayo an ɗauki hoto, an yanki ɗan nama, an kira mu wani ƙaramin ɗaki mai kwalin takardar share hawaye a kan tebur. Ciwon daji ne, irin mai saurin nan da ba ya jiran kowa, kuma ya riga ya kai hammata. Narelle ta tambaya ko da ta zo a Afrilu da ya bambanta. Likitar ta ce, "Mu yi maganar abin da ke gabanmu." Duk muka ji amsar.

Ko sisi ba a karɓa a hannunmu ba. Ko sisi. Tun ranar farko kuɗin motar haya kawai ke tsakaninta da wannan gadon.

A gidana ta zauna, a ɗakin da nake jibge tarkace. Wata biyar ana ɗura mata maganin nan mai zubar da gashi. Ta yi amai har ta daina iya tsayuwa, farcenta ya yi baƙi. Fraser na zuwa ran Lahadi a keke da tuffa uku a aljihu, ya zauna ya riƙe mata hannu. A gari kuma yana cewa, "Ba wanda zai iya sani. Ita kanta ba ta ɗauke shi da zafi ba." Coral ta aiko da miya sau biyu, tana gaya wa mata a coci cewa ita ce ta fara lura. A Nuwamba aka yi tiyata aka cire na hagun gaba ɗaya. Da za a sallame ta, wata ma'aikaciyar jinya ta ba ta ɗan ciko mai laushi na sawa a rigar nono kafin ciwon ya warke. Narelle ta juya shi a hannu, ta yi wata 'yar dariya da ba ta yi mini daɗi ba.

Ana saura mako biyu Kirsimeti, Fraser ya zo da motar uwarsa, wai ya zo ɗaukar matarsa. Coral na zaune a gaba ba ta sauko ba. Narelle ta haɗa 'yar jakarta, don ta ce mini gida gida ne, ni kuma na gaji da faɗa. Ya buɗe jakar a kan teburin kicin ɗina yana dubawa, cikin lallashi kamar kullum.

"Magunguna ba sa cikin ƙidaya, wannan na yarda. Ɗankwalayen nan na Glenys ne, a bar mata. Rigar nono ta maye gurbin wadda kika yanka." Sai ya dube ta a ƙirji. "Amma kin sa wani abu a ciki ko?"

"A asibiti aka ba ni."

"Na sani, masoyiya. Ba cewa na yi ki jefar ba. Sai dai kin san ƙa'ida, hamsin gare ki cif. Wannan ya zama na hamsin da ɗaya. In ɗaya ya shigo, ɗaya zai fita. Ki zaɓa a hankali, ba gaggawa."

Butar shayi na hannuna, kuma Allah ne kaɗai ya tsare kan yaron nan. Narelle ba ta yi kuka ba, ba ta yi tsawa ba. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗaga hannun hagun, wanda har yanzu ba ya ɗaguwa sosai, ta kama zoben. Yatsan ya rame, bai ko yi gardama ba. Kwalin kayan da zan kai shago ran Talata na ajiye a bakin ƙofa. Ta taka ta jefa shi ciki, ya yi ƙara a kan wani tsohon faranti.

"Hamsin," ta ce. "Glenys, mayar mini da jakar ɗaki."

Ya tsaya baki buɗe. Coral ta danna hon a waje.

Mutumin nan bai taɓa marinta ba, bai taɓa zaginta ba, ba ya shan giya. In ka je wurin 'yan sanda me za ka ce ya yi? Ya ƙwace mata madubi, da waya, da kati, da mota, ɗaya bayan ɗaya, mu kuma muna karɓa muna manna musu farashi muna cewa an gode. Wata uku tana ruɓewa a gaban idon mutum biyu, ɗaya yana tsaron shekararsa, ɗaya tana tsaron tuffarta, ta ukun kuma ni ce da na buɗe ƙofa. Yanzu duk namijin da ya kawo mini kwalin kayan mace sai na tambaye shi, "Mai kayan ta sani? Ba ni lambarta." Wasu na jin haushi. Su ji.

Narelle na nan a ɗakin tarkace, ta hana ni kwashe ko tsinke. Ran sha huɗu ga Fabrairu za mu koma a sake ɗaukar hoto, a ga ko ya tsaya a hammata ko ya wuce. Ba ta maganar, ni ma ba na yi, amma na ga ta daina sayen abin da zai kai kaka. Duk lokacin da waya ta yi ƙara, mu biyun muke daskarewa.

Fraser kuwa yana nan lafiya. Ya cika shekararsa bai karya ba, an tafa masa a ɗakin taro. Matar da ke kai wasiƙu ta ce mini ya goge layin hagu na bayan ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma, yana gaya wa mutane gidan ya ƙara fili.